Yatsun Baba Mai Hoto

Injiniya ta kara kunnenta a jikin kwamfutar, ta ɗaga hannu a yi shiru. Auta ta miƙe ta kashe fanka. Daga can ciki wata 'yar ƙara ce take fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai ƙwanƙwasa tebur da farce. Ta ɗan tsaya, ta sake ɗaukowa. Injiniya ta san wannan kukan. A ofishinsu ita ce mai kula da kwamfutocin ma'aikata, kuma ba ta taɓa ganin faifan da ya soma irinsa ya sake tashi ba.

"Yaya, me kika ji?" Auta ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Faɗa mata mana," in ji Baba Mai Hoto daga kan gado. "Ta riga ni tafiya, ko?"

"Haba Baba," in ji Auta.

"To mene ne? Ni likitana ya sallame ni, ita ma ga nata likitan ya yi tsit."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Auta ta tallabo shi, ta gyara masa matashi. Kwanaki kaɗan ke nan da asibiti suka ce a kai shi gida ya huta, kuma babu wanda bai gane irin hutun da suke nufi ba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta baro aikinta da yaranta ta tare a ɗakin.

Tun kafin a haifi Injiniya, 'yar maƙwabtansu, Baba yake da shagon hoto a ƙasan benen da suke zaune. Babu gidan da ke layin da bai taɓa aiko wani ya zauna gaban labulensa mai zanen furanni ba. Shi ne ma ya laƙaba mata Injiniya tana 'yar ƙarama, ranar da ta kwance rediyon mahaifinta ta kasa mayarwa, sunan ya bi ta har ofis. Da ya tsufa ya rufe shagon, sai ya ɗauko wani aiki ya ɗora wa kansa: ya riƙa ciro tsofaffin finafinan hoto daga kwalaye ɗaya bayan ɗaya, yana shigar da su kwamfuta. Shekaru ya yi yana wannan. Bai daɗe da gamawa ba bututun ruwa ya fashe a shagon, kwalayen suka kwana cikin ruwa, suka manne da juna suka zama dunƙulen baƙar laka. Daga ranar, hotunan layin gaba ɗaya babu su a ko'ina sai cikin wannan kwamfutar da ke kuka.

"Faifan ciki ne ya mutu, Baba," in ji Injiniya. "Ita kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ina ɗan baƙin faifan nan da na ce ka riƙa jona mata don ajiye kwafi?"

Baba ya dubi silin. "Yana nan."

"Kana jonawa?"

"Ina yi."

"Baba."

"In na tuna ina yi. Ke ma ai ba kullum kike share ƙofar gidanku ba, ina gani."

Auta ta birkice ɗakin. Ta duba durowa, ta duba ƙarƙashin gado, ta sauke akwatin da ke saman sif. A ƙarshe cikin jakar kyamararsa ta same shi, ya cusa shi a cikin safa, ya kwantar da shi tsakanin gilasan kyamara kamar ƙwai.

Injiniya ta karɓa ta tsallaka gidanta, wanda ƙofarsa ke kallon tasu, Auta na biye da ita. Ta ture kayan karatun yara gefe, ta jona faifan a tata kwamfutar. 'Yar fitilarsa ta kama, ta yi ƙiftawa, ta tsaya. Babu ƙas-ƙas. 

Sai dai abin da ya fito a fuskar kwamfutar bai yi kama da hoton kowa ba. Fayiloli ne jere, ba iyaka, kowanne da dogon suna na haruffa da lambobi a cakuɗe, kamar kaza ta yi yawo a kan madannai.

Auta ta dafe ƙirji. "Shi ma ya lalace."

"Bai lalace ba. A kulle yake. Haka ya ce in yi masa."

Ta tuna ranar sarai. Baba ya zo mata da kwamfutar a hammata, ya ce yana son ko ɓarawo ya ɗauke ta, kada ya ga fuskar kowa. Ta ce masa wa zai saci hoton tela da mai kayan miya? Ya ce hoton mutum amana ne, wasu a ciki sun zo ne ranar da suke farin ciki da wanda yau ba sa son jin sunansa. Sai ta kulle masa duk ajiyarsa.

"Kin ga," ta ce wa Auta, "duk abin da ya ajiye, kwamfutar tana hautsina shi da wani dogon mabuɗi, wanda ko shi bai taɓa gani ba. Mabuɗin yana cikin wani ɗan mitsitsin fayil, kamar a ce an sa shi cikin akwati an datse. Kalmar sirrin Baba ita ke buɗe akwatin. In ɗan fayil ɗin ya biyo kwafin nan, muna da hanya."

"In bai biyo ba fa?"

Injiniya ta gyara zama. Ta sa kwamfutar ta nuna ɓoyayyun jakunkuna, ta shiga wannan ta fito, ta shiga waccan. Ita ta tsara yadda kwafin zai riƙa tafiya, amma an daɗe, ba ta iya rantsewa ta haɗa har da shi.  Sai ga shi can a ƙarshen wata jaka, ɗan abu da bai kai layin rubutu ɗaya nauyi ba.

"Alhamdu lillahi. Ga shi nan."

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne. Saura kalmar."

Suka koma da kwamfutar Injiniya da faifan. Baba ya sa Auta ta juya baya, ya raɗa wa Injiniya kalmar a kunne, numfashinsa yana warin magani. Ta rubuta. Kwamfutar ta ɗan yi jim, ta ce ba ita ba ce. Ta sake rubutawa a hankali. Ta gwada da babban baƙi a farko, ta gwada ba shi. Ba ta karɓa ba.

"Ita ce fa," in ji Baba. "Da ita na shiga har ranar da na kwanta."

Injiniya ta duba ranar da aka yi kwafin ƙarshe. Watanni ne baya, kafin ciwon ya kayar da shi.

"Baba, ka taɓa canja kalmar?"

Ya ce, "Na canja. Ɗan ƙanena ya zo hutu, na ga yana leƙen hannuna."

"To wannan kwafin da tsohuwar aka kulle shi. Ita muke nema."

"Wannan ai ba komai ba ne. Shekara nawa ina..." Ya tsaya. Ya rufe ido. Leɓensa ya motsa, kalmar ba ta fito ba. Ya buɗe ido ya dubi Injiniya, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, ko ranar da likita ya gama bayani: tsoro.

Suka gwada sunan marigayiya matarsa, suka gwada laƙabin da yake kiran ta da shi. Suka gwada sunan shagon, da na kyamararsa ta farko, da na wata kyanwa da ya taɓa kiwo. Duk wadda ya faɗa, da ƙarfin gwiwa yake faɗa, kwamfutar kuma ta mayar masa da abarsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Suna cikin haka nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ta shigo, ta dube shi, ta dube su.

"Jarrabawa kuke yi masa? Ku fita ku ba shi iska."

A kan matakala suka zauna. Daga ƙasa ana jin keken tela yana ta sukuwa.

"Yaya, babu yadda za a fasa shi?" in ji Auta.

"Da ana iya fasawa ai da ban kulle masa komai ba."

Auta ta yi tagumi. "Hoton Mama ɗaya ne da ni, na katin aiki, shi ma ya koɗe. Ina aji biyu ta rasu. Wani lokacin sai in rufe ido ina neman fuskarta, sai ta yayata ke zuwa." Ta share ido da bayan hannu. "Amma ki bar shi. Kin ga yadda ya koma. Ba na son kwanakin da suka rage masa su tafi a neman kalma."

"Na bari," in ji Injiniya. Amma ba ta bari ba. Da abin ta kwana, da shi ta tashi.

Washegari a ofis wani abokin aikinta ya kira ta daga ɗakin manyan injina, yana son ta karanto masa kalmar sirrin wata tsohuwar na'ura. Ta buɗe baki, ta ji wayam. Kullum sai ta shiga na'urar nan, amma bakinta bai san kalmar ba. Sai ta ga hannunta na dama ya sauka a kan tebur da kansa, yatsun suna tafiya a kan katako.

"Ina zuwa," ta ce masa. Ta je ta danna masa da hannunta, ta nemi izini wurin shugabarta, ta ɗauki jaka.

Ba tata kwamfutar ta kai ɗakin Baba ba. Tasa ta ɗauko, ta kwance bayanta, ta zare mataccen faifan, ta tayar da ita da wani ɗan filashi da take yawo da shi a jaka, sannan ta jona baƙin faifan. Madannan nan duk sun sha hannu, wasu haruffan sun goge sai santsi. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai da ta ja doguwar waya daga soket ɗin bakin ƙofa.

"Yau kuma me?" in ji Baba. Muryarsa ta fi ta jiya ƙanƙancewa.

"Ba abin da zan tambaye ka. Zama kawai za ka yi kamar yadda ka saba."

Suka jingina shi. Auta ta sa masa tabarau, ta ɗora faranti a cinyarsa, Injiniya ta aza kwamfutar a kai. Ya ɗora hannuwansa, jijiyoyin sun fito ruɗu-ruɗu. Ya danna, ya danna. Sabuwar kalmar ce ta fito, kwamfutar ta ƙi. Ya sake, ya tsaya a tsakiya yana tunani, ya janye hannu.

"Ta tafi, 'yata."

"Ba komai, Baba. Bar hannunka a wurin, ka huta."

Ta yi wa Auta ido. Auta ba ta gane ba da farko, sannan ta matso bakin gado ta zauna.

"Baba, wai da gaske ne Mama ba ta son hoto?"

"Wa ya gaya miki?"

"Yaya Babba."

"Ba ta so? Gudu take yi." Fuskarsa ta ɗan saki. "Matar mai hoto guda, amma da ta ga na ɗaga kyamara sai ta ɗauki faifayi ta kare fuska. Ta ce wai in je in ɗauki masu biya. Sai da na koma laɓewa. In yi kamar ina goge gilashi, ina daidaita ta ta gefen ido. Wata rana tana shanya a baranda, na yi rarrafe ta bayan kujera..."

"Baba, buɗe min kwamfutar in duba wani abu," in ji Injiniya, kamar wadda ke neman a miƙo mata cokali.

"...ashe ta gan ni ta cikin gilashin taga," Baba ya ci gaba, idonsa na kan Auta, "ta juyo da bokitin..."

Yatsun suka tafi. Ba su yi gardama ba, ba su tsaya ba, ɗan gajeren gudu kamar na mai saukowa matakalar gidansu. Injiniya ta kawar da kai zuwa bango, don haka aikinta ya koya mata duk lokacin da wani ke rubuta kalmarsa. Ta ji ƙaramin yatsansa ya bugi babban madannin gefe.

Kwamfutar ta yi shiru. Fitilar baƙin faifan ta soma ƙiftawa da sauri. Sai haruffan nan masu kama da tafiyar kaza suka kau, sunaye suka jeru a madadinsu: Tela da iyalinsa. Gidan mai kayan miya. Direbobin tasha. 'Yan biyun bene na uku.

Injiniya ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ya buɗe?" in ji Auta.

"Ya buɗe."

Baba ya sunkuyo yana duban hannuwansa kamar na aro. "Me na rubuta?"

"Ban gani ba, Baba. Auta, kin gani?"

"Ni fuskarsa nake kallo."

"To ni ma ban sani ba," in ji shi. Suka dubi juna su uku, sai dariya ta ƙwace musu, har Auta tana riƙe ciki tana hawaye.

Injiniya ce ta fara dawowa hayyacinta. "Kada wanda ya taɓa wayar nan. In ta zare, mun koma gidan jiya." Ta sa kwamfutar ta nuna mata dogon mabuɗin tun akwatin yana buɗe, ta adana shi a wuri biyu, sannan ta ruga gida ta ɗauko wani faifan, ta soma kwashe komai a buɗe. Auta ta ja kujera ta zauna a bakin soket kamar mai gadin banki. Da nas ta zo, sai da aka sa ta ta tsallake wayar tana ɗaga siket tana mita.

Kafin la'asar kwafin ya kammala. Sannan ne Baba ya ce a buɗe jakar da ya sa wa suna Gida.

Mafi yawan hotunan hannu ne a gaban fuska, ko ƙeya, ko gefen kunne da ɗan kunne yana lilo. Ga ta da faifayi. Ga ta tana nuna mai ɗauka da ludayi, baki buɗe, ana ganin faɗan da take yi. Ga bokitin, ruwan yana tsaye a iska. Auta tana dannawa tana dariya tana jan hanci. Can sai ga wani: matar tana zaune bakin gado da jaririya a kafaɗa, ta dubi kyamara kai tsaye, gajiya da murmushi a haɗe.

"Wannan ita ta ce in ɗauka," in ji Baba. "Ke ce a kafaɗar."

Auta ba ta danna na gaba ba. Injiniya ta tashi ta ce za ta duba abin da ta ɗora a wuta, ko da yake ba ta ɗora komai ba.

Da ta dawo, Baba ya kira ta kusa. "Kowa ki ba shi nasa. A hannunsa, ba ta hannun wani ba. Wanda ya ce a goge, ki goge, kada ki tambaye shi dalili."

"To, Baba."

"Kuma ki riƙa jona faifan nan."

"In na tuna," in ji ta.

Labari ya zaga layin. Kwanakin da suka biyo baya ɗakin bai rabu da mutane ba, kuma ba irin zuwan dubiya ba ne na a zauna a yi jugum. Tela ya hau da tef a wuya, ya ga mahaifinsa da gashin baki, ya ce wallahi ya manta tsohon ya taɓa yin ƙiba. Mai kayan miya ta ga kanta tana budurwa ta ce a rufe kafin jikokinta su gani, sannan ta ce a tura mata. Baba yana jingine, ido rabi a rufe, yana gyara wa kowa tarihi: wane ya zo da takalmin aro, wance ta yi kuka don an ce ta cire tabarau. Ba ya iya cin komai sai ruwa-ruwa, amma barcinsa ya daidaita, nas ma ta faɗa.

Da hantsi Baba ya cika, wata ranar da ba aiki. Injiniya tana zaune a ƙasa tana tura wa wani direba hotunansa ta waya, Auta tana baranda tana shanya. Baba ya ce a rage masa hasken taga, ya yi yawa, zai ƙona hoton. Injiniya ta tashi ta ja labule. Da ta juyo, kansa ya ɗan karkata a kan matashi, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai ƙara wani abu. Ta tsaya ta kalli ƙirjinsa har ta tabbatar. Ta zare masa tabarau, ta naɗe, ta ajiye a kan durowa, sannan ta leƙa baranda ta kira Auta da sunan da mahaifinta ke kiran ta.

Injiniya ta yi kuka, amma ba irin wanda ta yi tsammani ba. A ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi, irin na wanda ya kai kaya inda aka aike shi kafin a rufe ƙofa.

Bayan an kai shi makwancinsa, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Auta ta koma wurin yaranta da nata kwafin a jaka, wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar Injiniya da yamma. Ba 'yar layin ba ce. Ta ce mota biyu ta hau, wai ta ji ana raba hotuna. Ɗanta ya taɓa aiki a garejin bayan layin, shekaru masu yawa, kafin hatsarin da ya ɗauke shi. Ya taɓa ce mata ya yi hoto a nan, amma ba ta taɓa gani ba.

"Shigo, Iya. Zauna a nan."

Ta faɗi sunansa, Injiniya ta nema, bai fito ba. Ta buɗe jakar 'yan gareji, fuskoki suka cika allon, tsohuwar tana girgiza kai.

"Yaya kamanninsa, Iya?"

"Dogo ne. Yana da wushirya. Ba ya rabuwa da wata jar hula, ko barci zai yi."

Injiniya ta gangara ƙasa tana karanta sunayen da Baba ya sa wa waɗanda bai san sunansu ba. Mai tabo a goshi. Wanda ya yi atishawa. Mai wushirya, ya ƙi cire hula. Ta danna.

Saurayi ne tsaye gaban labule mai furanni, ya wanke hannu amma baƙin mai bai fita daga farcensa ba, yana ƙoƙarin haɗe fuska dariya tana cin ƙarfinsa.

Tsohuwar ta zuba masa ido. Ta ja kujerar gaba kaɗan. Ta goge tafin hannunta a zaninta, ciki da baya, sannan ta kama bakin mayafinta ta share 'yar ƙurar da ke kan gilashin, daidai wurin fuskarsa.